Sifa da “to” a Ingilishi: tambayoyin da ɗaliban Damagaram suka fi yi

Yaro a Damagaram yakan fara Ingilishi ne a kwaleji, bayan ya shekara shida yana fama da Faransanci a firamare, Hausa kuwa tana nan a gida da kasuwa. Kafin jimlar Ingilishi ta sauka a takardarsa sai ta ratsa harsuna biyu, kowanne kuma da ƙurar da yake bar mata. Inda ƙurar ta fi taruwa shi ne wurin da sifa ta haɗu da “to” da aikatau. Ga tambayoyin da suka fi dawowa, daga ƴan aji na shida, wato ajin farko na kwaleji, har masu shirin jarrabawar BEPC ta gama kwaleji da ta Bak ta gama sakandare.

Wane gini ne wannan, kuma me ya ƙunsa?

Abu uku ne a jere: sifa, sai “to”, sai aikatau tsurarsa kamar yadda yake a ƙamus, wato abin da kuka sani da infinitif a darasin Faransanci. “I am happy to see you”, na ji daɗin ganinka. “We are ready to start”, a shirye muke mu fara. “Water is hard to find in April”, ruwa yana wuyar samu a watan Afrilu, wannan kam ba sai an fassara wa ɗan Damagaram ba.

Aikataun da ke bayan “to” ba a liƙa masa komai, ba “s”, ba “ed”, ba “ing”. Lokaci yana kan aikataun farko ne kaɗai. Idan jiya ne a ce “She was afraid to speak”, idan gobe ne “She will be afraid to speak”. Wanda ya rubuta “afraid to spoke” ya sa lokaci sau biyu a jimla ɗaya.

Malam, a Faransanci wani lokaci “à” ne, wani lokaci “de”, wani lokaci “pour”. Wanne ne “to”?

Duka ukun. Faransanci yana cewa “facile à lire”, “content de te voir”, “trop jeune pour voter”. Ingilishi ya tattara su a buhu ɗaya: “easy to read”, “happy to see you”, “too young to vote”. Sauƙi ne aka yi muku, amma hannun da ya saba yakan fassara kalma da kalma, sai “de” ya zama “of”, “pour” ya zama “for”. Daga nan ne “happy of see you” da “too young for vote” suke fitowa, duka kuwa jan biro suke sha.

“For” yana da wurinsa, amma suna ne ke bin sa: “too young for this work” daidai ne, domin “work” a nan suna ne. Da zarar aikatau ya zo, sai “to”.

“Musa is eager to teach” da “Musa is easy to teach” ba iri ɗaya ba ne?

Kama da wane ba wane ba ne. Kalma ɗaya ce ta bambanta su, amma Musa ya sake wurin zama gaba ɗaya. A ta farko Musa ne malami, shi ke ɗokin ya koyar. A ta biyu Musa ɗalibi ne, wani ke koya masa, kuma koya masa abu ba wuya. Wanda ya gane wannan ya gane rabin darasin, domin tambayar da za a riƙa yi wa kowace jimla ita ce: wa ke yin aikin da ke bayan “to”?

Sifofin sun kasu gida biyu. Akwai masu faɗin halin da zuciyar mutum ke ciki ko shirinsa: “happy”, “glad”, “sorry”, “surprised”, “afraid”, “ready”, “willing”, “eager”, “reluctant”, “determined”, “able”. Da waɗannan, wanda aka ambata a farkon jimla shi ne mai yin aikin. Akwai kuma masu auna aikin kansa, wuyarsa ko daɗinsa ko haɗarinsa: “easy”, “hard”, “difficult”, “impossible”, “pleasant”, “dangerous”, “safe”, “expensive”. Da waɗannan, abin da ke farkon jimla shi ake yi wa aikin. “Alkaki is difficult to make”, ai ba alkakin ke yin komai ba, mai yin sa ce ke shan wahala.

Ga gwaji mai sauri. Juya jimlar ta fara da “It is”, ka mayar da sunan ƙarshe. “It is easy to teach Musa” ta riƙe ma'anarta, to “easy” ta gida na biyu ce. “It is eager to teach Musa” ta zama shirme, to “eager” ta gida na farko ce.

Kada ɗalibi ya ga laifin kansa a nan. A 1969 wata masaniyar harshe a Amurka, Carol Chomsky, ta fitar da binciken da ta yi kan yara ƴan shekara 5 zuwa 10 waɗanda Ingilishi ne harshen gidansu. Ta ɗaure wa ƴar tsana ido da ƙyalle, ta ajiye ta a gabansu, ta tambaye su ko “easy to see” ce ko “hard to see”. Da yawa daga ƙananan suka ce “hard to see”, domin sun ɗauka ƴar tsanar ce ke ƙoƙarin gani. Da aka ce su mayar da ita “easy to see”, sai suka kwance mata ƙyallen. Ƴaƴan masu harshen ma sai sun ɗan tasa kafin ginin ya zauna musu.

Na rubuta “I am difficult to understand English”, mushe, wato malaminmu, ya soke. Me ya sa?

Domin “difficult” ta gida na biyu ce. “I am difficult to understand” na nufin kai ne mutane ba sa gane wa, maganarka ko halinka ke da wuyar fahimta. Da ka ƙara “English” a baya sai aikatau ɗaya ya sami abin yi wa aiki guda biyu, jimlar ta karye. Abin da kake so ka faɗa, wato Ingilishi na ba ka wuya, yana da hanya uku:

“It is difficult for me to understand English.”
“English is difficult for me to understand.”
“I find it difficult to understand English.”

A lura da “it” na farko da na uku. Ba ya nufin komai, kujera kawai yake riƙewa, amma Ingilishi ba ya barin kujerar nan babu kowa. “Is difficult to sleep in the hot season” ba jimla ba ce sai an sa mata “It” a gaba. Haka “I find difficult to understand”, wadda kunnen mai Faransanci ba ya jin laifinta, ba ta tsayawa sai da “it” a tsakiya.

Ina ne ake cire “it” na ƙarshe, ina ake barin sa?

A Hausa mukan dawo da wakilin suna ba tare da mun lura ba: mutumin nan yana da wuya a shawo kansa, naman nan ba a iya taunarsa. Sai hannu ya rubuta “This meat is hard to chew it”. Kuskure ne. An riga an ambaci naman a farko, Ingilishi kuma yana barin gurbinsa na baya a buɗe: “This meat is hard to chew.”

Amma idan jimlar ta fara da “It is” ɗin nan mai riƙe kujera, abin da ake yi wa aikin bai fito ba tukuna, dole ya zo a ƙarshe: “It is hard to chew this meat.” Naman sau ɗaya zai bayyana, ko a gaba ko a baya.

To me ya sa wasu jimloli suke ƙarewa da “to” ko “on” ko “with” a rataye?

“Our headmaster is easy to talk to.” “This mat is comfortable to sit on.” “She is pleasant to work with.” Ƴar kalmar ƙarshen nan ta aikatau ce: ana cewa “talk to someone”, “sit on something”, “work with someone”. An ɗauke sunan an kai gaba, ita kuma ta tsaya inda take. Faransanci ba ya yarda da wannan, shi ya sa ɗalibai suke goge ta suna ganin gyara suka yi. Hausa ce ta fi kusa a nan: tabarmar nan tana da daɗin zama a kai. Wannan “a kai” shi ne “on” ɗin. Idan ana shakka, a juya jimlar: “It is comfortable to sit this mat” ta nuna da kanta cewa wani abu ya faɗi.

“For you to” da “of you to”, yaushe ake amfani da kowanne?

“For” yana nuna mai yin aikin idan ba shi ne a farkon jimla ba. “It is important for you to come early”, yana da muhimmanci ka zo da wuri. Inda Faransanci zai ja ka cikin “il est important que tu viennes” da duk wahalar subjonctif, Ingilishi ya tsaya kan “for” da mutum da “to”. Wakilin sunan da ke bin sa “me”, “him”, “her”, “us”, “them” ne, ba a cewa “for I” ko “for they”.

“Of” kuwa na yabo ne ko zargi. Yana tafiya da sifofin hali: “kind”, “nice”, “generous”, “brave”, “clever”, “wise”, “polite”, “rude”, “careless”, “stupid”. “It was kind of you to help my mother”, ka kyauta da ka taimaki mahaifiyata. “It was careless of Sani to leave the tap open”, Sani ya yi sakaci da ya bar famfo a buɗe. Shi ne “de ta part” na Faransanci.

Gwajin: ɗauki mutumin ka jingina masa sifar kai tsaye. “Sani was careless” ta yi daidai da abin da ake nufi, to “of”. “You are important” ta kauce, domin zuwan ne mai muhimmanci ba kai ba, to “for”. Sifar “good” tana ɗaukar duka biyun da ma'ana dabam: “It is good for you to walk”, tafiya a ƙasa za ta amfani jikinka, “It is good of you to come”, an gode da ka zo.

Malam, “very” da “too” duk “da yawa” ne a wurina. Ina bambancin?

“The tea is very hot”: shayin ya yi zafi ƙwarai, amma ana iya busawa a kurɓa. “The tea is too hot to drink”: zafin ya wuce misali, sai an jira. “Too” yana ɗauke da “a'a” a cikinsa. Hausa tana da irin wannan a aikatau masu ƙarewa da “uwa”: buhun ya yi nauyi, ba ya ɗaukuwa, tayar ta lalace, ba ta gyaruwa. “The sack is too heavy to lift.” Sai dai mu muna furta “ba”, Ingilishi kuwa ya ɓoye shi a cikin “too”. Ɗalibin da ya ji jimlar kamar da saura, ya ƙara “not”, ya ɓata ta.

“Enough” shi ne “isa” ko “kai”. Matsalarsa wurin zama ce. Faransanci yana sa “assez” a gaban sifa, Ingilishi yana sa “enough” a bayanta: “old enough”, “strong enough”, ba “enough old” ba. “Ali is old enough to vote”, Ali ya isa jefa ƙuri'a, ya cika 18. Da suna kuwa gaba yake zuwa: “enough money to travel”.

A jarrabawa an fi kawo shi a matsayin haɗa jimla biyu. Misali: “The jerrycan is very heavy. Hadiza cannot carry it.” Jarka mai lita 25 cike da ruwa ta kai kilo 25, ƙaramar yarinya ba ta iya mata. Matakan:

1. Nemo sifar, cire “very”, sa “too”: “The jerrycan is too heavy”.
2. Duba mai aikin jimla ta biyu. Idan ba shi ne na farkon ba, kawo shi da “for”: “for Hadiza”.
3. Jefar da “cannot”, sa “to” a gaban aikatau: “to carry”.
4. Jefar da “it”.

Sakamako: “The jerrycan is too heavy for Hadiza to carry.” Idan an ce a yi da “enough”, sai a ɗauko kishiyar sifar a kore ta: “The jerrycan is not light enough for Hadiza to carry.” Idan kuma mutum ɗaya ne a jimlolin biyu, mataki na biyu ya faɗi: “Hadiza is very tired. She cannot walk” ta zama “Hadiza is too tired to walk.” Masu harshen sukan bar “it” na ƙarshe wani lokaci idan akwai “for” a jimlar, amma a takardar jarrabawa cire shi ya fi tsira.

Ana cewa “He is likely to come”. Me ya hana “He is possible to come”?

Al'adar kalmomin ce, ba hankali ba, sai dai a haddace. “Likely”, “unlikely”, “sure”, “certain”, “bound” suna yarda mutum ko abu ya zauna a gabansu: “The bus is likely to arrive late.” “Possible”, “probable”, “necessary” ba sa yarda. Da su sai “It”: “It is possible to reach Kano in one day”, “It is necessary for him to sign”, “It is probable that he will come”. Mai son ya ce wataƙila ya zo, “I may come” ta ishe shi.

Abin mamaki, “impossible” tana shiga inda ƴar'uwarta ba ta shiga. “His handwriting is impossible to read” daidai ce, kowane mai gyaran takardu ya san ta.

“Sure” tana da tarko nata. A lokacin kokawar takobi, wato gasar kokawa ta ƙasa da ake ba zakaranta takobi, mai kallo zai ce “Our wrestler is sure to win”: ni mai magana ne na tabbata zai yi kaye. “Our wrestler is sure of winning” kuwa shi ɗan kokawar ne ya yarda da kansa, ko da ƴan kallo suna ganin ƙasa zai sha.

An ce ba a sa “ing” bayan “to”. To ga “I am used to waking early” a littafi.

“To” biyu ne masu kama ɗaya. Na infinitif aikatau tsura kawai yake ɗauka. Ɗayan kuwa ɗan'uwan “in” da “at” da “of” ne, suna yake nema, idan kuma aikatau ya zo sai ya sa rigar “ing” ya zama sunan aiki. Yadda za a raba su: sa suna a bayan “to”. “I am used to the heat”, na saba da zafi, ta zauna. To wannan “to” na biyu ne, sai “ing”. “I am ready to the exam” ba ta zauna ba. To na infinitif ne. “Accustomed to”, “opposed to”, “committed to” da “close to” duk suna bin “used to”. Haka ma “I look forward to hearing from you” da ake rufe wasiƙar neman aiki ko gurbin karatu da ita.

A kiyaye “am” ɗin. “I am used to waking early”, na saba da sammako. “I used to wake early”, da can nakan yi sammako, yanzu na daina.

Wasu sifofin kuma ba ruwansu da “to” sam. “She is busy cooking.” “The Sultan's palace is worth visiting”, fadar Sarkin Damagaram ta cancanci a je a gani. “Good at”, “tired of”, “interested in” duk “ing” ke bin su. “Able to swim” amma “capable of swimming”. A nan “capable de” na Faransanci ya yi muku rana, “of” ɗin na gaskiya ne, muddin ba a manta “ing” ba.

“Afraid” tana tafiya da duka biyun. Yaron da ya tsaya a gindin duwatsun Birni “is afraid to climb”, ya kasa yin abin da ke hannunsa, domin “he is afraid of falling”, yana tsoron abin da zai iya samun sa ba da sonsa ba.

Ina “not” yake zama?

Gaban “to”: “Be careful not to spill the milk.” Ba a cewa “to don't”. Wurin “not” yana sauya magana: “I am not happy to go”, zan tafi amma raina ba ya so, “I am happy not to go”, an ɗauke mini tafiyar, na huta.

“To have done” da “to be done” fa?

“To have” da siffa ta uku ta aikatau, wato takwarar participe passé, suna mayar da aikin baya. Mai shiga ofis yana cewa “I am sorry to disturb you”, yanzu yake damun ka. Mai fita yana cewa “I am sorry to have disturbed you”, an riga an yi. “We were lucky to have found seats”, mun yi sa'a da muka sami wuri.

“To be” da siffa ta uku na abin da za a yi wa aiki ne: “The skins are ready to be dyed”, fatun da suka fito majema sun isa rini. Amma da sifofin gida na biyu ba a buƙatar sa, ma'anar tana ciki tun farko. “Easy to be read” kuskure ne, “easy to read” ake cewa.

“Ready” ce mai ƙafa biyu, ɗaya a kowane gida. “The ram is ready to eat”: kwana uku kafin layya, ragon ne ke jiran dusa, ranar sallah da yamma, mu ne ke jiran ragon. Jimlar ba ta sauya ko harafi ɗaya ba.

Idan masu harshen suna magana ba na jin “to” ɗin. Suna faɗar sa kuwa?

Suna faɗa, a gajarce. A tsakiyar jimla wasalinsa yana raguwa ya koma kamar “e” na “le” ko “de” a Faransanci, ya manne da kalmar da ke gabansa. Sai a ƙarshen jimla yake cika ya zama “tu”: an tambaye ka “Can you help me?”, ka amsa “I'd be glad to.” An bar aikatau domin an riga an san shi, amma “to” ba ya tafiya.

“Nice to meet you” na haɗuwar farko ce kawai. Wanda kuka taɓa gaisawa da shi, “Nice to see you again”. Wajen sallama kuma “It was nice to meet you” ko “Nice meeting you”.

A ba mu jimlolin gwaji.

Ga shida, huɗu masu ciwo, biyu lafiyarsu lau. A rufe amsar da hannu tukuna.

1. “The road to Tanout is dangerous to drive on it at night.”
2. “My sister is enough tall to reach the shelf.”
3. “It was rude for him to leave without greeting the elders.”
4. “The children are busy to wash the plates.”
5. “Halima was the first to finish.”
6. “The old man is hard to hear.”

Ta 1, “it” ya fita, “on” ya tsaya: “dangerous to drive on at night”. Ta 2, “tall enough”. Ta 3, “He was rude” ta zauna, zargin halinsa ake yi, saboda haka “rude of him”. Ta 4, “busy washing”. Ta 5 daidai ce. “The first”, “the last” da “the only one” suna ɗaukar “to” kamar yadda Faransanci ke cewa “la première à finir”. Ta 6 ma daidai ce, amma a tambayi kai wa ke saurare. Muryar tsohon ce ta yi ƙasa, mu ne ba ma jin sa. Idan kunnensa ne ya yi nauyi, “hard of hearing” ake cewa.